Nikola Rolan, Wazirin da Ya Gina wa Matalauta Gida

A wurinmu ruwan inabi abin bagade ne. A Faransa kuwa dukiya ce da ake ajiyewa shekaru, attajirai suna rububinta a gwanjo. Ɗaya daga cikin mashahuran gwanjon ya samo asali daga wani waziri mai suna Nikola Rolan.

An haife shi a Otan a 1376, ya karanci shari'a, a 1422 sarkin Burgundi, Filibus Nagari, ya naɗa shi waziri. Kusan shekara arba'in yana riƙe da hatimin ƙasa, yana kuma cikin waɗanda suka ƙulla sulhun Aras da Faransa a 1435. Ba waliyyi ba ne. Mutanen zamaninsa sun zarge shi da son abin duniya, mu ma ba za mu wanke shi ba, domin dukiyarsa ta wuce misali.

Sulhun bai kawo wa talakawa sauƙi ba. Sojojin da aka sallama suka koma fashi, yunwa da annoba suka cika garin Bon da mabarata. A 1443 Rolan da matarsa Gigon suka aza harsashin asibitin da ake kira Gidan Allah, suka ɗora masa kuɗin shiga daga ma'adinan gishiri don kada ya dogara ga bara. Majinyaci na farko ya kwanta a 1452. An jera gadajen ta yadda mara lafiya zai bi Mas daga kwance, Sistoci suna jinya.

A 1457, shekarar da tauraronsa ya dushe a fada, wata mata ta ba asibitin gonar inabi, irin abin da maƙwabtanmu Musulmi ke kira waƙafi. Wasu suka bi sawunta, har gonakin suka kai kadada sittin. Rolan ya rasu a Otan a 1462, bai ga amfaninsu ba.

Tun 1859 ake gwanjon ruwan inabin gonakin nan, yanzu a Lahadi ta uku ga Nuwamba, kuɗin kuma na tafiya ga jinya da gyaran gini. A 2022 an tara kusan Yuro miliyan 29, ganga guda mai lita 228 ta ci Yuro 810,000. Majinyata sun koma sabon asibiti tun 1971, tsohon ɗakin jinyar ya zama gidan tarihi.