Mai Jakin Galifoli: Taƙaitaccen Tarihin John Simpson

Malamanmu da 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, na san za ku tuna yadda muka haddace sunayen janar-janar na Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda jarrabawa, muka watsar da su ranar da muka ajiye biro. Wanda zan ba ku labarinsa farabiti ne a rundunar Ostiraliya, ko igiya ɗaya bai samu ba, kuma kwana 24 kacal ya yi a fagen fama.

An haifi John Simpson Kirkpatrick ranar 6 ga Yuli, 1892, a South Shields, wani gari a bakin teku a arewa maso gabashin Ingila. Tun yana yaro ya saba da jakuna, domin lokacin hutu yakan ja su yara na hawa a bakin ruwa. Mahaifinsa ya rasu a 1909, sai ya kama aikin jirgin ruwa. A 1910 ya sulale daga jirgin a Ostiraliya, ya shiga fafutukar neman abinci: yau yankan rake, gobe haƙar kwal. Daga ɗan abin da yake samu yakan aika wa mahaifiyarsa.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, ya shiga soja a yammacin Ostiraliya da sunan John Simpson. Ana kyautata zaton ya ajiye sunan gidansu ne don kada a gane ya gudu daga aiki. Fatansa a tura su Ingila ya ga gida, amma aka sauke su a Masar. An sa shi cikin masu ɗauko waɗanda suka ji rauni.

Ranar 25 ga Afrilu, 1915, rundunarsu ta sauka a gaɓar Galifoli, ƙasar Daular Usmaniyya, inda sojojin Turkiyya suka riƙe tuddai suna kare gidansu. Masu rauni sun yi yawa, masu ɗaukarsu kaɗan. Nan Simpson ya tuna sana'ar yarinta. Ya samu jaki, ya riƙa hawa kwarin da harsashi ke zuba, yana ɗora wanda aka harba a ƙafa, ya tallafe shi har bakin teku wurin likitoci, sannan ya koma. Da haka masu makara suka samu sararin ɗauko waɗanda rauninsu ya fi tsanani. Kullum abin da yake yi ke nan, safe da yamma. Ranar 19 ga Mayu, da Turkawa suka kawo babban farmaki, harsashi ya same shi yana kan aikinsa. Ya mutu yana da shekara 22, aka binne shi a maƙabartar bakin tekun.

Bayan mutuwarsa labarin ya ƙaru a bakin mutane, har ana cewa ya ceci mutum 300. Masana tarihi sun nuna cewa kwanakin da nisan hanyar ba za su ba da wannan adadi ba, kuma akwai wasu da suka yi irin aikinsa ba a san su ba. An ambaci sunansa cikin rahoton yabo na rundunar, amma bai samu lambar Victoria Cross ba, kuma a 2013 kwamitin da ya sake duba batun ya ce a bar shi haka. Mutum-mutuminsa da jakinsa yana tsaye a wurin tunawa da yaƙi na Kanbera tun 1988.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, na wuce shekara goma ina aikin gwamnati, kuma na sha jin kaina ina cewa ba zan ƙara wahala ba tunda ƙarin girma ya ƙi zuwa. Fayil ɗin ɗan fansho yakan kwana bisa teburina, mai shi yana jira a waje. Labarin Simpson ya ba ni kunya. Ko an rage adadin, wanda ya ɗora bisa jaki ya isa wurin likita. Mu ma kowa yana da mai jiransa a bakin ƙofa, kuma malamanmu ba su koya mana mu jira lambar yabo kafin mu tashi ba.