Sa'id Belqola (1956–2002): Alƙalin Wasa daga Maroko

Kalmar alƙali ararriya ce daga Larabci, kuma asalin muhallinta shi ne kotu. Da ƙwallon ƙafa ya shigo ƙasar Hausa, sai aka faɗaɗa ma'anarta ta haɗa da mai riƙe da usur a fili. Wannan faɗaɗawa ta dace, domin duk malamin da aka tura wata makaranta a Batsari ko Safana, aka miƙa masa usur ranar wasa tsakanin ajujuwa, zai tarar da nauyi irin na mai shari'a. A Afirka kuwa, babu wanda ya ɗauki wannan nauyi a fage mafi girma kamar Sa'id Belqola.

An haife shi a garin Tiflet, gabas da Rabat, ranar 30 ga Agusta, 1956, shekarar da Maroko ta sami 'yancin kai daga Faransa. Ma'aikacin kwastan ne, alƙalancin wasa kuwa yana yin sa ne a gefen aikin gwamnati. A 1993 hukumar FIFA ta sa shi cikin jerin alƙalanta na ƙasa da ƙasa. A watan Fabrairun 1998 shi ya busa wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Wagadugu, inda Masar ta ci Afirka ta Kudu 2-0.

A gasar cin kofin duniya ta wannan shekara, wadda aka yi a Faransa, ya busa wasan Jamus da Amurka, da na Ajantina da Kuroshiya. Daga nan aka zaɓe shi ya jagoranci wasan ƙarshe tsakanin Faransa da Burazil, ranar 12 ga Yuli. Kafin wannan rana, duk wanda ya taɓa busa wasan ƙarshe ɗan Turai ne ko ɗan nahiyar Amurka.

Ya kamata ɗalibi ya lura da tsaka mai wuyar da ke cikin wannan zaɓi. Faransa ce ta mulki ƙasarsa a da. Burazil kuma ta ci Maroko 3-0 a zagayen farko, sannan kayen da Norway ta yi wa Burazil ne ya fitar da Maroko daga gasar. Ke nan kowane ɓangare na iya samun abin zargi idan hukunci bai yi masa daɗi ba, kuma da ya yi kuskure, ba shi kaɗai za a ɗora wa laifin ba, har da sauran alƙalan Afirka.

Zinedine Zidane ya ci ƙwallo biyu da ka kafin a tafi hutun rabin lokaci. A minti na 68, ɗan bayan Faransa Marcel Desailly, haifaffen Ankara ta ƙasar Gana, wanda ya riga ya karɓi katin gargaɗi, ya kwashe ƙafar Cafu. Filin cike yake da Faransawa, shugaban ƙasa Jacques Chirac na zaune, ga ƙasar ba ta taɓa ɗaukar kofin ba. Belqola ya ɗaga kati na biyu, ya bi shi da ja. Desailly ya zama ɗan wasa na uku da aka taɓa kora a wasan ƙarshe na wannan gasa. A ganina, wannan hukunci ya fi komai bayyana halin mutumin, don kuwa sauƙin da ke gabansa shi ne ya kau da kai. Faransa ta ƙarasa wasan da mutum goma, kuma Emmanuel Petit ya ƙara ta uku dab da tashi.

Bai daɗe ba bayan wannan ɗaukaka. Ciwon daji ya kama shi, ya rasu a Rabat ranar 15 ga Yuni, 2002, yana da shekara 45, a daidai lokacin da ake buga gasar cin kofin duniya a Koriya ta Kudu da Jafan. Daga gasar 2002 zuwa ta 2022 an yi wasan ƙarshe sau shida, huɗu a hannun Turawa, biyu a hannun 'yan Ajantina.