Tarihin Julius Lilienfeld, masanin da ya riga duniya zana tiransista

A farkon shekarar 1948, makonni kaɗan bayan da masana na cibiyar binciken Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka suka yi nasarar ƙera tiransista ta farko, lauyoyin cibiyar sun shiga binciken tsofaffin takardun mallakar fasaha domin tabbatar da cewa babu wanda ya riga su. A nan ne suka ci karo da sunan wani masanin kimiyyar fiziks wanda a lokacin yake zaman kansa a wani tsibiri na yankin Karibiyan. Tun shekaru fiye da 20 kafin wannan rana mutumin ya zana irin wannan na'ura, ya kuma yi mata rajista. Sunansa Julius Edgar Lilienfeld.

An haifi Lilienfeld a ranar 18 ga watan Afrilun 1882 a birnin Lemberg, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, yanzu kuma ake kiransa Lviv a yammacin ƙasar Yukren. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa kuma lauya ne. A shekarar 1900 ya tafi jami'ar birnin Balin, inda fitaccen masanin nan Max Planck yake koyarwa, ya kuma sami digirinsa na dakta a watan Fabrairun 1905. A wannan shekarar ce ya kama aiki a cibiyar nazarin fiziks ta jami'ar Leipzig, inda ya shafe kimanin shekaru 20 har ya kai matsayin farfesa.

Aikinsa a Leipzig

Babban abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a Leipzig shi ne yadda wutar lantarki ke tsallakawa daga wannan ƙarfe zuwa wancan a cikin kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska. Waɗannan ƙarafa da lantarki ke shiga ko fita ta cikinsu su ne masana ke kira ilektirod, kuma kusan dukkan rayuwar Lilienfeld ta aiki ta ƙare ne a kan tambaya guda: wace siffa za a ba su, da wane ƙarfe za a yi su, kuma wace tazara za a bari a tsakaninsu.

Daga wannan bincike ne ya ƙera wata sabuwar kwalbar ɗaukar hoton ƙashi. Kwalaben da asibitoci suke amfani da su tun bayan da Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a 1895 sun dogara ne da 'yar ragowar iskar da ke cikinsu, saboda haka ƙarfinsu yakan sauya ba zato, likita bai san irin hoton da zai samu ba. Ta Lilienfeld kuwa an zuƙe iskarta kusan ƙarƙaf, ana kuma iya daidaita ta. Sai dai a 1913 wani masani na kamfanin General Electric a Amurka, William Coolidge, ya fito da tasa kwalbar, wadda ta fi sauƙin sarrafawa, ta kuma mamaye kasuwa. Neman kare haƙƙinsa a kan wannan fasaha ne ya kai Lilienfeld Amurka a 1921. A shekarar 1926 ya ajiye aikinsa na jami'ar Leipzig, ya auri wata Ba'amurkiya mai suna Beatrice Ginsburg a birnin New York, ya zauna a ƙasar dungurungum. Shekaru bakwai bayan haka gwamnatin 'yan Nazi ta fara korar malamai Yahudawa daga jami'o'in Jamus.

Takardu uku

A wancan lokaci rediyo yana tashe, kuma akwatunan rediyo da dama suna aiki ne da kwalaben gilashi da ake kira bawul, masu ƙara ƙarfin sigina. Irin wannan kwalba tana da ilektirod uku: ɗaya na fitar da lantarki idan ya yi zafi, ɗaya na karɓa, na uku kuma yana tsakiya yana rage ko ƙara yawan abin da ke wucewa. Kwalaben suna da girma, suna cin wuta, suna zafi, ga saurin fashewa da ƙonewa. Lilienfeld ya yi tunanin cewa za a iya yin wannan aiki a cikin daskararren abu, ba tare da kwalba ko zafi ba.

A ranar 22 ga watan Oktoban 1925 ya shigar da buƙatar rajistar wannan dabara a Kanada, sannan a ranar 8 ga watan Oktoban 1926 ya shigar da ita a Amurka. Jami'an ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka sun riƙe buƙatar fiye da shekaru uku kafin su amince da ita a ranar 28 ga watan Janairun 1930, a ƙarƙashin lamba 1,745,175.

Abin da ya zana a takardar abu ne mai sauƙin fahimta. Za a sami ɗan ɓallin gilashi a tsaga shi biyu, a soka siririn fallen alminiyum a tsagar, a mayar a haɗe, ta yadda bakin fallen kaɗai zai bayyana a sama kamar zare. A hagu da dama za a shafa ƙarfe domin samar da ilektirod biyu. Sannan a lulluɓe saman duka da wani siririn shafe na haɗin jan ƙarfe da farar wuta, wanda lantarki ke iya bi ta cikinsa amma ba da sauƙi ba. Idan aka ba fallen alminiyum na tsakiya 'yar ƙaramar sigina, sai ya matse ko ya buɗe hanyar da lantarki ke bi tsakanin sauran biyun, kamar yadda mai noman rani yake taka tiyon ban ruwa da ƙafa ya rage ko ya ƙara gudun ruwan.

A watan Maris na 1928 ya sake shigar da wata buƙatar, wadda aka amince da ita a 1933 da lamba 1,900,018. A wannan karon ya raba ilektirod mai sarrafawa da hanyar lantarkin ta hanyar sa wani siririn shinge na tsatsar alminiyum a tsakaninsu, wanda ba ya barin wuta ta wuce. Ƙarfin da ke ratsa shingen ne kaɗai yake aikin sarrafawar. Wannan tsari na ƙarfe, da shinge, da kuma hanyar lantarki, shi ne ainihin tsarin tiransistocin da ke cikin kwamfuta da wayar salula a yau. Buƙata ta uku ya shigar da ita ne a watan Disambar 1928, aka kuma amince da ita a 1932.

Ya kamata a san cewa tun daga shekarar 1880 ofishin rajistar na Amurka ya daina tilasta wa masu ƙirƙira su kawo samfurin abin da suka ƙera. Aikin jami'in tantancewa shi ne ya karanta bayani da zane, ya gwada su da abin da aka riga aka yi wa rajista ko aka wallafa, ya duba ko abin sabo ne, ko yana da amfani, ko kuma an bayyana shi yadda wani masani zai iya ƙera shi. Takardun Lilienfeld sun tsallake wannan siraɗi. Amma bai wallafa ko da maƙala ɗaya ta kimiyya a kan na'urorin ba, babu kuma kamfanin da ya ɗauki nauyin ƙera su. A shekarun 1920 ilimin abubuwan da ake kira semikondakta yana jariri, kuma ba a iya tace su su yi tsarkin da aikin yake buƙata ba. Haka takardun suka kwanta a ma'ajiya.

Rayuwa a tsibiri

A shekarar 1928 Lilienfeld ya kama aiki da kamfanin Amrad a garin Malden na jihar Massachusetts, a wani ɗakin bincike da daga baya ya koma hannun kamfanin Magnavox. A nan ya mayar da hankali ga kafasita, wato 'yar na'urar da ke tara lantarki ta sake shi idan an buƙata. Ya yi aiki a kan nau'in da ake yi da fallen alminiyum mai siririyar tsatsa a samansa, ya kuma shigar da buƙatar rajista a 1931 wadda aka amince da ita a 1935. Wannan nau'in kafasita, mai kama da ƙaramin gwangwani, har yanzu ana samunsa a cikin rediyo da talabijin da na'urorin cajin waya, kuma duk mai gyaran kayan lantarki ya san shi. 

Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1934. A shekara mai bi, bayan da aka rufe ɗakin binciken, shi da matarsa suka koma tsibirin Saint Thomas, ɗaya daga cikin tsibiran Virgin da ke ƙarƙashin Amurka, suka gina gida. Abin da ya kai shi can shi ne neman sauƙin wani borin jiki da ke da nasaba da alkama, wanda ya daɗe yana damunsa. Daga can ya ci gaba da gwaje-gwajensa, yana kuma kai ziyara babban yankin Amurka lokaci zuwa lokaci.

Yadda sunansa ya sake tasowa

A ranar 16 ga watan Disambar 1947, John Bardeen da Walter Brattain na cibiyar Bell suka danna wasu siraran ilektirod biyu na zinariya, masu kusanci da juna ƙwarai, a kan wani ɓallin jamaniyum, suka ga sigina ta ƙaru. Shugaban rukuninsu William Shockley, wanda tun 1945 yake ƙoƙarin ƙera na'ura mai aiki da ƙarfin da ke ratsa shinge bai yi nasara ba, ya so a rubuta takardar mallakar a kan wannan tunani nasa, da sunansa. Takardun Lilienfeld ne suka rushe wannan buri.

Abin lura a nan shi ne, a dokar wancan lokaci takardar mallaka tana aiki ne na tsawon shekaru 17 daga ranar da aka bayar da ita, saboda haka takardar Lilienfeld ta 1930 ta riga ta ƙare tun watan Janairun 1947. Ba shi da ikon neman ko kwabo a kanta. To amma ƙarewar wa'adi ba ta goge abin da aka riga aka bayyana wa duniya, kuma doka ba ta yarda wani ya zo daga baya ya yi rajistar tunanin da ke rubuce a tsohuwar takarda ba. Don haka lauyoyin Bell suka taƙaita babbar buƙatarsu ga ainihin tsarin ilektirod ɗin da Bardeen da Brattain suka haɗa. An shigar da ita a ranar 17 ga watan Yunin 1948 ba tare da sunan Shockley ba, aka kuma amince da ita a watan Oktoban 1950. Wasu daga cikin sauran buƙatun cibiyar da suka shafi wancan tunani kuwa, jami'an tantancewa sun yi watsi da su, suna masu kafa hujja da takardun Lilienfeld.

Wannan al'amari ya ɓata wa Shockley rai matuƙa, ya kuma jawo tsamin dangantaka tsakaninsa da abokan aikin nasa biyu. Ya keɓe kansa, a watan Janairun 1948 ya fito da wani tsarin tiransista na dabam wanda ya yi wa rajista da sunansa shi kaɗai. A shekarar 1956 su ukun suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks. Ba a sa Lilienfeld a ciki ba.

Tsarin da ya zana a 1928 bai zama abin dogaro ba sai a shekarun 1959 da 1960, lokacin da wasu injiniyoyi biyu na cibiyar Bell, Mohamed Atalla haifaffen ƙasar Masar da Dawon Kahng haifaffen Koriya, suka ƙera shi da silikon. Sun gano cewa siririyar tsatsar da ake tsirarwa a saman silikon tana kawar da cikas ɗin da ya hana magabatansu nasara. A yau ana jera biliyoyin irin wannan tiransista a kan ɗan ɓallin da bai wuce girman farce ba.

Lilienfeld ya rasu a ranar 28 ga watan Agustan 1963 a garin Charlotte Amalie na tsibirin Saint Thomas, yana da shekaru 81, kafin wannan fasaha ta game duniya. Masana tarihin kimiyya sun yi saɓani a kan ko na'urorin da ya zana sun taɓa aiki a hannunsa. Wasu na ganin kayan aikin zamaninsa ba za su ba shi dama ba, yayin da wasu ke nuni da gwaje-gwajen da aka yi a shekarun 1990, inda aka bi bayanin takardunsa aka kuma sami na'urori masu ƙara ƙarfin sigina.

A shekarar 1988 ƙungiyar masana fiziks ta Amurka ta kafa wata lambar yabo da sunansa, da dukiyar da matarsa Beatrice ta yi wasiyya da ita. Ana bayar da ita ne ga masanin da ya yi fice a bincike, ya kuma iya bayyana ilimin ga jama'a. Daga cikin waɗanda suka karɓe ta akwai masanin nan na Birtaniya, Stephen Hawking, a shekarar 1999.