Filippo Brunelleschi, maƙerin da ya gagari magina

An haifi Filippo Brunelleschi a birnin Fulorans na ƙasar Italiya cikin shekara ta 1377. Ƙirar zinariya ya fara koyo. A 1401 ya shiga gasar ƙera ƙofofin tagulla, amma Lorenzo Ghiberti aka bai wa aikin. Daga nan sai ya juya ga gini, ya duƙufa nazarin tsofaffin gine-ginen Roma.

A zamanin nan babbar majami'ar Fulorans, Santa Maria del Fiore, wadda aka aza harsashinta tun 1296, tana jiran ƙubbarta. Faɗin wurin ya kai mita 45, tokare shi da katako kuwa ya gagara. Cikin 1420 Brunelleschi ya kama aikin. Ya tayar da ƙubba biyu, ɗaya cikin ɗaya, ya sarƙa tubali yadda kowane zagaye zai riƙe kansa, ya kuma ƙera na'urar ɗaga kaya wadda shanu ke juyawa. Aka gama a 1436.

Ya rasu a 1446, aka binne shi cikin majami'ar. Har yau ba ƙubbar tubali da ta kai tasa girma a duniya.