Haridas Thakur, Mai Ambato da Babbar Murya

An haifi Haridas Thakur a yankin Bengal wajen shekarar 1450, a gidan Musulmi, amma ya yi suna ne cikin Hindu masu bautar Krishna. Littattafan mabiyansa sun ce kullum yakan maimaita sunan abin bautarsa sau 300,000.

A wancan zamani malaman Brahmin na riƙe da tsohuwar koyarwar Manusmriti, wadda ta fifita ambaton zuci a kan na raɗa, na raɗa kuma a kan na bayyane. Haridas ya saɓa musu. A ganinsa, mai ambato a zuci kansa kaɗai yake ceto, amma mai ɗaga murya yana amfanar duk mai ji, har dabba da ƙwaro da ba su iya furtawa. Don haka ya ɗauki ladan na bayyane ninki ɗari.

Muryar nan ta jawo masa wahala. An ruwaito cewa hukuma ta sa an yi masa bulala a kasuwanni 22, bai daina ba. A Puri ya ƙare rayuwarsa, bai taɓa shiga haikalin Jagannath ba saboda asalinsa. Da ya mutu, jagoransu Chaitanya da kansa ya ɗauki gawarsa, ya binne ta a bakin teku.