Yujin Debs, Ɗan Takarar da Aka Tsayar Yana Kurkuku

Duk mai sauraron labarin zaɓen ƙasar Amurka a rediyo ya san jam'iyyu biyu ne ke karɓa-karɓar mulki a can, wato Dimokurat da Rifablikan. Amma akwai waɗansu ƙanana a bayansu. Su ma sukan kira babban taro duk bayan shekara huɗu, wakilai su hallara daga jiha-jiha, a yi ta muhawara, a tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, alhali kuwa kowa a zauren ya san ba za a ci ba. Tarihin da nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a wannan fili na ɗaya ne daga cikin irin waɗannan 'yan takara. Sunansa Yujin Debs. Sau biyar aka tsayar da shi, sau biyar ya faɗi, a na ƙarshen kuwa yana sanye da rigar fursuna.

An haife shi ran 5 ga watan Nuwamba, 1855, a garin Terre Haute cikin jihar Indiyana. Iyayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga Faransa, suna da ɗan kantinsu na kayan masarufi. Yana da shekara 14 ya bar makaranta ya shiga reluwe, yana kankare tsohon fenti da maiƙo a jikin jirage. Ku duba, sa'an ƙannenmu ne na aji biyu. Daga nan ya zama mai zuba wa injin jirgi kwal, aikin da ya ci rayukan samari da yawa a wancan zamani. A 1875 ya shiga ƙungiyar masu wannan aiki, kuma da yake yana da baki da alƙalami, nan da nan ya yi gaba. Har ya taɓa zama ɗan majalisar jihar Indiyana a ƙarƙashin Dimokurat, a zaɓen 1884.

Abin da ya juya rayuwarsa shi ne yajin aikin Pullman na 1894. Shekara guda kafin nan ya kafa wata sabuwar ƙungiya wadda ta haɗa ma'aikatan reluwe manya da ƙanana. Shi kuwa kamfanin Pullman, mai ƙera taragai, ya rage albashin ma'aikatansa, amma ya ƙi rage kuɗin hayar gidajen da yake ba su. Sai mutanen Debs suka ƙi taɓa duk jirgin da ke jan taragon Pullman. Zirga-zirga ta tsaya cik a Shikago da yammacin ƙasar. Shugaba Cleveland, wanda ɗan Dimokurat ne, ya turo soja, aka rasa rayuka, aka murƙushe yajin, aka ɗaure Debs wata shida a garin Woodstock. Can ya sami sukunin karatu. Wani malami kuma ɗan jarida mai suna Victor Berger ya ziyarce shi ya ba shi littafin Karl Marx. A farkon 1897 Debs ya bayyana wa duniya cewa shi ɗan gurguzu ne, wato yana ganin reluwe da ma'adinai da manyan masana'antu ya kamata su zama mallakar jama'a.

To, daga nan ne tarihinsa ya haɗe da tarihin tarurrukan jam'iyyarsa. Na farko an yi shi a Indiyanafolis cikin watan Maris na 1900, lokacin sunan jam'iyyar Soshal Dimokurat. Da aka ambaci sunansa sai ya noƙe, sai da aka yi ta lallashinsa sannan ya amsa. Ƙuri'un da ya samu ba su kai 100,000 ba. A 1901 suka haɗe da wani ɓangare na 'yan gurguzu, aka raɗa wa sabuwar tafiyar suna Jam'iyyar Soshalist ta Amurka. Taron 1904 a Shikago ya sake tsayar da shi, sai ga ƙuri'u sun haura 400,000.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki game da mutumin nan shi ne, bayan wannan taro sai ya riƙa ƙaurace wa tarurrukan. Bai je na 1908 a Shikago ba, bai je na 1912 a Indiyanafolis ba, duk da haka shi aka ɗauka. Dalili kuwa, jam'iyyar gida biyu ce a ƙarƙashin rufi ɗaya. Akwai masu ganin a bi a sannu, a ci kujerar kansila da ta magajin gari, a gyara famfo da asibiti har jama'a su yarda da su. Su Berger ke nan, mutanen birnin Milwoki. Akwai kuma masu zafin kai, waɗanda suka fi ba da ƙarfi ga yajin aiki. Manyan ɓangaren farko ba su cika son Debs ba, a 1908 ma sun so a sauya shi. Amma ƙananan wakilai, masu haƙar kwal da manoman Oklahoma da teloli na Niyok, ba su san kowa ba sai shi. Ni dai a ganina ƙauracewar nan tana da fuska biyu. Ta tsare masa farin jini, tun da ba wanda ya taɓa ganinsa cikin cacar baki. Amma kuma ta bar wa waɗansu ragamar jam'iyya, suna yanke abin da shi zai fita ya kare a gaban jama'a. Wanda ba ya nan, ai da shi ake rabo amma ba da yawunsa ba.

A fagen yaƙin neman zaɓe kam ba a kama ƙafarsa. Dogo ne siriri mai sanƙo, in yana jawabi yakan sunkuyo daga kan dandamali yana miƙa hannu kamar zai taɓa mutane. A 1908 jam'iyyar ta yi hayar jirgin ƙasa sukutum da kuɗin karo-karo na ma'aikata, ya zaga ƙasar yana tsayawa tasha-tasha. Sauran 'yan siyasa su ke kashe kuɗi don a zo a saurare su, shi kuwa mutane ke biyan kuɗin shiga don su ji shi.

Shekarar 1912 ita ce ganiyar jam'iyyar. 'Ya'yanta masu biyan kuɗin wata sun wuce 100,000. A taron shekarar aka yi zazzafar jayayya, har aka zartar da dokar korar duk wanda ke kiran a lalata kayan masana'anta ko a tayar da tarzoma. Bayan an gama wannan sai gidajen biyu suka sake komawa kan Debs, aka haɗa shi da Emil Seidel, tsohon magajin garin Milwoki. Ya kara da Wilson da Taft da Roosevelt, ya sami ƙuri'u wajen 900,000, wato kashi 6 cikin 100, amma ko jiha ɗaya bai ci ba. Wani zai ce to ina amfanin wahalar? Sai mu duba abubuwan da suke nema: aikin awa takwas a yini, hana sa yara ƙanana aiki a masana'anta, fansho ga tsofaffi, da ba mata damar jefa ƙuri'a. Mata sun sami wannan dama a 1920, fansho ya zo a 1935, dokar awoyin aiki da ta ƙwadagon yara a 1938. Manyan jam'iyyun ne suka zartar da su, su kuma aka yaba wa.

A 1916 Debs ya ce a ɗauke masa. Ba a ma yi taro ba, sai aka aika wa 'yan jam'iyya takardu ta gidan waya suka zaɓi wani ɗan jarida, Allan Benson, ƙuri'u kuwa suka faɗo ƙasa da 600,000.

Cikin watan Afrilu na 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jam'iyyar ta yi taron gaggawa a birnin St. Louis ta ce ba ta goyon bayan yaƙin. Gwamnati ta shiga kama 'ya'yanta. Ran 16 ga Yuni, 1918, Debs ya yi jawabi a garin Canton na jihar Ohayo, ya nuna cewa masu mulki ke ƙulla yaƙi, talakawa ke mutuwa a cikinsa. Ya san sarai akwai jami'an gwamnati a wurin suna rubutawa. Aka kai shi kotu, aka yanke masa shekara goma, ga shi ya haura sittin. Ya shiga kurkuku a watan Afrilu na 1919, daga baya aka mai da shi babban gidan yari na Atlanta. A wannan shekara kuma jam'iyyar ta dare, masu zafin kai suka fice suka kafa ta Kwaminis.

Da ragowar wakilai suka taru a Niyok cikin watan Mayu na 1920, sai suka tsayar da fursuna mai lamba 9653. Wannan karon ko ya so zuwa ba hali. Aka tashi 'yan aike suka tafi har Atlanta suka sanar da shi, ya karɓe su cikin tufafin gidan yari. Aka buga bajo ɗauke da hotonsa da lambarsa. Bai taka ko dandamali ɗaya ba, 'yar sanarwa kawai ake barinsa ya fitar mako-mako, amma mutum fiye da 900,000 suka jefa masa ƙuri'a. Sai dai da yake masu zaɓe sun ƙaru ƙwarai saboda shigowar mata, rabonsa bai wuce kashi 3 da ɗoriya ba.

Shugaba Wilson ya ƙi sakinsa ƙememe har ya sauka. Harding, wanda ya kayar da shi a zaɓen, shi ya rage masa wa'adi, aka sake shi ranar Kirsimeti ta 1921. Fursunoni suka yi ta sowa ta tagogi yayin da yake fita, Harding kuma ya gayyace shi fadar gwamnati suka gana. Amma kurkuku ya riga ya cinye lafiyarsa. A 1924 jam'iyyar ba ta tsayar da nata ba, ta bi bayan Sanata La Follette. Debs ya rasu ran 20 ga Oktoba, 1926, yana da shekara 70.

Bayansa taron 1928 ya ɗauki Norman Thomas, wanda shi kuma aka tsayar har sau shida, zuwa 1948. Takarar ƙarshe da jam'iyyar ta yi ita ce ta 1956, inda ɗan takararta ya tashi da ƙuri'u wajen 2,000. Gidan Debs na Terre Haute an mai da shi gidan tarihi.