Malamin Makarantar da Ya Rubuta Shaihu Umar

An haifi marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauci cikin 1912. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933, aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci, wadda daga baya ya shugabanta. A 1945 ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa.

Littafinsa, Shaihu Umar, ya fito a 1934. Tauraronsa ma malami ne, wanda ke ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana yaro, bauta ta kai shi Masar, ilmi ya ɗaukaka shi, har ya komo ya zauna Rauta yana karantarwa.

Malam Abubakar ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Mulki ya wuce, amma aikin malanta bai bi shi kabari ba. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin fim da Hausa, aka sabunta shi, aka nuna a Balin ta Jamus a 2018. Ladan malami ke nan: ya kwanta dama, darasinsa na tafe.